Igiyar da Malam Ya Riƙa Wankewa

A shekarun da anka raba mu da Sakkwato, anka ce daga yanzu Birnin Kebbi za mu riƙa duba, akwai wani injin casar shinkafa a bakin ruwa, kudu da Yelwa kaɗan. Yau babu shi. Wanda ya je wurin, abin da zai tarar ginshiƙai biyu ne na siminti, ɗaya a kan tudu, ɗaya can gangare inda jirage ke tsayawa. Tsakanin ginshiƙan nan igiyar take tafiya, kuma mijina ne mai tsaronta.

Malam nake ce mishi, haka kowa ke ce mishi, ko da yake karatunsa bai wuce na salla ba. Masunci ne ɗan masunci. Ya ja taru tun kafin ruwan tafki ya haɗiye garin iyayenmu, ya ci gaba da ja bayan an tashe mu, har ranar da kafaɗarsa ta dama ta goce a cikin jirgi. An ɗora, ta kama, amma hannun bai sake ɗaguwa sama da kunne ba. Shekara biyar yana zaune a zaure yana ɗinkin komar mutane. Bai taɓa ƙorafi ba. Sai dai da sassafe, in masunta sunka wuce ta ƙofar gida da filafilai a kafaɗa, yakan juya ya fuskanci bango har su yi nisa.

To da Alhaji mai injin ya kawo igiyarsa, ya ce yana neman dattijo wanda ya san igiya, wanda ba ya barci a bakin aiki, sai anka nuna mishi Malam. Ranar da zai fara, rigar Juma'a ya sa. Na ce, "Malam, wurin buntun shinkafa da baƙin mai za ka fa." Ya ce, "Na sani." Haka nan ya tafi da ita. Daga ranar nan ya koma mutum mai wurin zuwa da safe, mai dawowa da la'asar yana tambayar ko akwai ruwan wanka.

Ga yadda abin yake. Gaɓar wurin tana da tsayi, in tafki ya ja baya sai ta ƙara. Jirage na zuwa daga Shanga da Wara da ƙauyukan tsibirai, cike da buhunan shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba. Kafin igiya, 'yan dako ke hawa da su a ka. Ita igiyar ta ƙarfe ce, kaurinta kamar babban yatsan ƙafa, ba ta da farko ba ta da ƙarshe, ta zagaye wani babban gargare a ginshiƙin ƙasa da wani a na tudu. An ɗaure mata ƙugiyoyi nan da can. A rataya buhu a ƙasa, inji ya ja, buhu ya bi iska yana lilo har tudu, a sauke shi a bakin injin casa. A wajen ginshiƙin ƙasa tana wucewa daidai ƙirjin mutum. A tsakiya kuwa ta fi tsawon mutum uku.

Makaniken da ya ɗaura ta daga Kaduna ya zo. Da zai koma ya bar wa Malam babban gwangwanin giris, wato baƙin man inji, da buroshi. Ya ce kowace safiya a tada inji a hankali, ba kaya, igiya ta zagaya sau ɗaya a gabansa ya dube ta, in ya ga sili ya tsinke ya tashi, ya faɗa. Ya ce duk mako a shafe ta da giris. Bai ce kada a wanke ta ba. Ina jin bai taɓa zaton akwai wanda zai yi tunanin haka ba.

Mu mata aikinmu turara shinkafa. Mu jiƙa ta, mu ɗora a rabin durom ta sha tururi, mu shanya ta bushe kafin a kai ta inji. Wurin shanya mafi kyau shi ne wani fili mai dutse a tsakiyar gangaren, inda rana ke duka tun hantsi, kuma filin nan yana ƙarƙashin igiya daidai. Mun fi mu ashirin. Can muke wuni, buhuna na wucewa a kanmu, inuwarsu na bin tabarmi ɗaya bayan ɗaya. Da farko muna ɗaga kai. Bayan wata guda babu mai ɗagawa.

Da bazara ta kama, rana ta riƙa narkar da giris. Sai ya ɗigo. Ɗigo ɗaya baƙi a cikin shanya, in ba a gani an tsince ba, ya bi shinkafa har inji ya ɓata mudu guda. Masu saye a kasuwa su sa yatsa su nuna. Cikin masu shanyar akwai taubashiyata, ɗiyar kawuna, wadda bakinta ba ya hutawa. Ita ce ta tare ni.

"Ke baiwata," in ji ta, "mijinki ne ke mana tofi da baƙin yawu daga sama. Ki gaya mishi, ko ni in gaya mishi. Kin dai san ni."

Na ce, "Baiwa dai ke ce, tun ran suna. Ki bari, zan gaya mishi."

Sauran mata sunka ce gaskiya ne, ni ce da shi, ni ya kamata in kai. Na kuwa kai. Na tarar shi ma abin na damunsa, ta wata fuskar. Ya ce buntun shinkafa na tashi ya manne wa giris, igiya ta yi kauri ta yi baƙi, ba ya ganin silinta ko ɗaya.

"Mutumin ga ya ce in duba," in ji Malam. "Mi zan duba cikin wanga baƙin kunu?"

Kuma akwai abin da duk wanda ya tashi a bakin ruwa ya sani. Igiyar rama da muke jan taru da ita, in an bar ta ta bushe sai ta yi gautsi, ta karye a hannu. Kafin a ja, sai an tsoma ta. In ta sha ruwa ta kan matse jikinta ta yi ƙarfi. Uban Malam haka ya yi, kakansa haka ya yi. A wurinmu igiyar da ake ƙauna ita ce wadda ake jiƙawa. Ni kaina da na ji ya ce zai wanke ta, cewa na yi Allah shi yi albarka.

Safiya uku ya yi yana yi mata wanka, da sabulu da toka da soso, inji na juya ta a hankali. Ta fito fes, kowane sili ana ganinsa, rana na wasa a kanta. Daga nan kullum da safe in tana zagayawa a gabansa sai ya bi ta da bokitin ruwan tafki. Da rana, in gargare ya yi zafi ta fara kuka, ya ƙara mata bokiti guda, sai ta yi shiru. Shirun nan ya ƙara tabbatar mishi ruwan take so. Giris ya koma na cibiyar gargare kawai. Ɗigo ya ɗauke. Mata sunka yi ta sa mishi albarka, taubashiyata har ta aiko mishi da soyayyen kifi. Alhaji in ya zo da baƙi yakan kawo su gindin ginshiƙi ya nuna musu, ya ce, "Ku ga yadda Baba ke riƙe ta."

Damina biyu ta wuce a haka.

Ana tsayar da inji da azahar, ma'aikata su yi salla su ci abinci. Wata rana gyalena ya jiƙe da ruwan turara shinkafa, na sauka wajen ginshiƙin ƙasa na yafa shi a kan igiyar, tunda tana tsaye. Da na dawo ɗauka, na ja, sai ya ƙi. Na ƙara ja, na ji ƙyat. Ya zo da zare uku a zazzage. Na duba wurin ban ga komai ba. Igiya tana nan sumul, tana ƙyalli.

Innata mai tufka ce. Da igiyar rama da ta kaba ta ciyar da mu. In masunci ya kawo mata tsohuwar igiya ya ce ta duba ko za ta ƙara shekara, ba ta dubawa da ido. Rufe ido take yi ta ja ta cikin tafinta tun daga wannan baki har wancan. Sannan ta ɗauki zare ta zagaye ta a wuri mai lafiya, ta ƙulla, ta riƙa zura zoben zaren nan gaba. Inda ya yi sako-sako, can igiyar ta rame, can kuma za ta tsinke, ko da bayanta na da kyau. Tun ina yarinya nake riƙe mata ɗaya bakin.

Ban sa tafina a ta ƙarfe ba, na ji tsoro. A kwandona akwai auduga, don nakan yi kaɗi in ina jiran shinkafa ta bushe. Na ciro dunƙule guda na naɗe igiyar da shi, na ja daga ginshiƙi zuwa iyakar inda hannuna ke kaiwa. Da na ɗauke, sai ga farin gashi a wuri huɗu. Na matsa kusa. Ba a bayan silin yake ba, a cikin kwarin da ke tsakanin tufka da tufka yake, inda ido ba ya shiga. Ƙananan bakunan waya ne, kamar ƙayar kifi, sun leƙo daga ciki. Na sa farce a kwarin na kankara. Wani jan gari ya fito, laushinsa kamar na lalle.

Na yi zoben zare kamar na Inna. A kusa da ƙugiya ya zauna cif. Taku biyu gaba ya yi rawa.

Ban ce wa kowa komai ba. Na ɗaura jan ƙyalle a ƙugiyar da ke kusa don in gane wurin. Washegari da azahar wani yankin ne ya tsaya a ƙasa, na gwada shi. Jibi ma haka. Duk inda na bi da auduga sai ta bar gashi, wani wurin kaɗan, wani wurin da yawa.

Abin da na yi bayan nan ba na jin daɗin faɗinsa, amma haka anka yi. Na janye tabarmina daga ƙarƙashin igiya zuwa gefen fili, inda rana ba ta kai ta tsakiya ba. Taubashiyata ta ce, "Mi ya kore ki daga wurinki na gado?" Na ce iska ta fi a nan. Ta ce tsufa ne. Na yi wuni uku ina kallon buhuna na wucewa a kan mata ashirin, ni ina gefe.

Na san abin da maganar za ta jawo. In igiyar ta lalace a shekara biyu, za a tambayi dalili. In an tambayi dalili, za a zo kan bokiti. Jan garin nan tsatsa ce, kuma ko yaro ya san abin da ke kawo tsatsa. Mu dai ba mu taɓa haɗa ta da igiya ba, don a wurinmu igiya daban, ƙarfe daban, ita kuwa wagga mun ɗauke ta igiya.

A rana ta huɗu, bayan la'asar, ya yi wanka ya zauna, na ajiye mishi fura. Na bari ya sha.

"Malam, igiyarka ba ta da lafiya."

"Wace?"

"Kana da biyu?"

Ya dube ni. Ya ce kullum safiya tana wucewa a gaban idonsa, tun daga ƙugiyar farko har ta ƙarshe, ko sili ɗaya bai tashi ba. Na ce a bayanta yake dubawa, ciwon kuwa a ciki yake. Na gaya mishi zancen gyale, da auduga, da zare, da jan gari.

"Yanzu ke za ki koya mini igiya?"

"A'a. Na dai gaya maka abin da auduga ta kama."

"Auduga ko jikin tulu ka goga mata sai ta bar gashi."

"To gobe ka goga da kanka."

Ya ajiye ƙwaryar furar. Ya tashi ya tafi masallaci tun ba a kira ba.

Da safe na bi shi a baya da kwandona. Babu kowa a gaɓar sai mai tada inji can tudu. Malam ya ɗaga hannun hagu, inji ya tashi a hankali. Bokitinsa na gefensa cike. Na miƙa mishi auduga a cikin tsumma. Ya daɗe yana kallonta kafin ya karɓa. Ya rungumi igiyar da ita, tana zamewa ta cikin hannunsa, in ƙugiya ta zo ya ɗaga, ta wuce ya mayar. In audugar ta ƙare in ƙara mishi. Har jan ƙyallena ya tafi tudu ya dawo.

Da munka ɗaga kai, igiyar ta yi furfura tun daga ƙasa har sama. Wani wurin tsilli-tsilli, wani wurin fari fat kamar gemun tsoho. Wuri mafi muni bai fi taku biyar ba, yana bayan ƙugiyar da na ɗaura wa ƙyalle.

Malam ya sa anka tsayar daidai wurin. Ya ajiye tsumman, ya kama da tafinsa tsirara, ya ja. Ya buɗe hannun. Jini ne layi-layi. Ya goge a gefen wandonsa. Sannan ya ɗauki bokitin ya zubar da ruwan a ƙasa.

Daidai nan taubashiyata ta sauko ɗiban ruwa. Ta tsaya, ta dubi sama, ta dube mu. Ba ta da karatu amma ba ta da wauta. Na gaya mata a taƙaice. Ta ajiye tulunta ta rage murya, abin da ban taɓa jin ta yi ba.

"Malam, giris ɗin nan yana nan?"

Ya ce yana nan.

"To ka tsince audugar nan, ka shafe ta baƙi ƙirin kamar da. Mu janye shanya gefe, mu ce ɗigo ya dawo. Ran da ta tsinke, ta tsinke da giris a jikinta. Wa zai ce ruwa? Kaya na Alhaji, ya sayi wata."

"Masu rataya buhu fa?" in ji ni. "Su ma gefe za su koma?"

"Ke baiwa, ba da ke nake ba. Ke kin ga gefe tun kwana huɗu, ba ki gaya wa kowa ba."

Na sunkuya na ɗauki kwandona.

Malam ya ɗaga wa mai tada inji hannu. Ya sa anka juya igiyar, ya tsince audugar tas. Ranar nan jirage biyu ne kawai sunka zo. Ya ce wa masu rataya su riƙa tsallake ƙugiya biyu, su rataya a ta uku, kada kowa ya taɓa mai jan ƙyalle. Sunka tambayi dalili, ya ce haka ya ga dama. Taubashiyata ta kori mata gefe da cewa ta ga maciji a tsagar dutsen. Malam ya wuni tsaye a gindin ginshiƙi, bai ci abincin rana ba.

Washegari ita ce ranar da jirage ke cika gaɓa, jajibirin kasuwa. Da zai fita na ga ya ɗauko gwangwanin giris da buroshi. Na ce a raina, to, ya zaɓa. Ban hana shi ba. Na san zauren da zai koma, na san shekara biyar ɗin nan, ni na riƙa kai mishi abinci a ciki.

Da na isa gaɓa hantsi ya yi. Jirage sun jeru, buhuna sun taru a yashi, mutane na ta hayaniya. Igiya na tsaye. Gwangwanin na ajiye a gindin ginshiƙi da murfinsa a rufe. Malam na zaune a kansa. Mai tada inji na ta ɗaga hannu daga tudu yana tambaya, Malam na girgiza kai.

Anka je anka kira Alhaji. Ya sauko yana tattare babbar riga.

"Baba, lafiya? Mi ya faru?"

"Ranka shi daɗe, yau ba ta ɗaukar kaya."

"Inji ne?"

"Igiya ce."

Alhaji ya dube ta, tana ƙyalli kamar kullum. Ya ce, "Baba, ka ga jiragen ga? Mutanen Shanga tun jiya suke hanya. Mu yi na yau, gobe a duba."

"In ka ce a tada, kayanka ne, a tada. Amma ba da hannuna ba. Kuma sai an kwashe kowa daga ƙarƙashinta."

Ya waiwayo ya ce in ba shi auduga. A gaban mutane ya goga a wurin nan mai taku biyar. Alhaji ya sunkuya ya duba, ya taɓa da yatsa, ya janye da sauri ya sa a baki. Ya dubi jiragen. Sannan ya ce a nemo 'yan dako. Ranar nan da kwana huɗu bayanta a ka anka hau da shinkafa, wasu jiragen sunka gaji da jira sunka wuce wani injin. Alhaji bai ƙara yi wa Malam magana ba, amma bai kore shi ba. Kullum Malam na zuwa ya zauna gindin igiyar da ba ta motsi.

A rana ta biyar makanike ya iso. Ya sa anka sassauta ta har ta kwanta a ƙasa. Ya soka wani tsinken ƙarfe tsakanin tufka ya murɗa, ta buɗe baki. Mu mata muna tsaye daga baya, amma na matsa na gani. Ashe a tsakiyarta akwai wata igiya irin tamu, ta zare, wayoyin a kanta anka naɗe su. Makanike ya ce ita ce ke riƙe mai tana shayar da wayoyin daga ciki. Wagga ta ruɓe. Ya ciro ta da yatsa tana marmashewa, jan gari na zuba a yashi. Wayoyin ciki sun cinye, wasu kamar gashi. Ya lanƙwasa wurin a gwiwarsa, munka ji suna karyewa ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Alhaji, ka yi sadaka. Wannan ba za ta ƙara sati biyu ba." Ya shinshina hannunsa. "Babu mai a cikinta ko kaɗan. Ruwa ne ya zauna. Ban taɓa ganin ta ci haka da wuri ba."

Alhaji ya ce, "To bakin ruwa ne. Ga damina, ga raɓa."

"Zai yiwu," in ji makanike. Ya sake duban igiyar. "Zai yiwu."

Da an bar ta nan, da ta tsaya nan. Taubashiyata ta matse mini hannu.

Malam ya ce, "Ba damina ba ce. Ni ne. Na wanke giris ɗin da sabulu. Kullum safe bokiti guda, da rana guda, shekara biyu."

Makanike ya buɗe baki. "Baba, don me?"

"Don kada ta bushe."

Wani daga cikin 'yan dako ya yi dariya, anka harare shi ya daina. Masuntan da ke wurin babu wanda ya yi dariya. Wani tsoho a cikinsu ya ce a hankali, shi ma da shi anka ba, haka zai yi.

Na fito gaba. Na ce, "Alhaji, mu munka sa shi. Giris na ɗigo mana a shanya, munka matsa mishi. Ni na kai maganar."

Alhaji ya ce, "Inna, ba ku na ba tsaron igiya ba."

Makanike ya tambayi yadda anka gane, tunda bayanta bai nuna ba. Malam ya nuna ni da haɓa. Na nuna mishi auduga da zoben zare. Ya juya zoben a hannunsa, ya ce su da tsumma suke yi da wani ma'auni na ƙarfe, amma duk ɗaya ne. Ya ce, "Mama, wa ya koya miki?" Na ce Innata. Ya sa zoben a aljihu, ban san ko me ya yi da shi ba.

Bayan azahar Alhaji ya kira Malam gefe, ƙarƙashin rumfar buhuna. Ban ji abin da sunka ce ba, Malam ne ya gaya mini daga baya, kuma bai yi tsawo ba. Alhaji ya ce ya gode da tsayarwar, Allah ne ya sa, ba zai manta ba. Ya ce sabuwar igiya sai an yi odarta daga nesa, kuma makanike ya ce in ta zo a sa wanda shi zai koya wa da kansa. Ya ce, "Baba, ka huta." Malam ya ce, "To." Ya miƙa mishi gwangwanin da buroshin, ya hau tudu ya tafi gida tun rana na tsaka.

Sabuwar ta zo bayan wata uku. Anka yi mata rumfar kwano a kan filin shanya saboda ɗigo, abin da da an yi tun farko da ba a kai nan ba. Na ci gaba da turara shinkafa a wurin shekaru da yawa, don da ita muke ci. Alhaji ya aiko mana da buhu guda a sallar nan. Mun ci.

Malam ya koma zaure da komar mutane. Ya yi shekara bakwai a duniya bayan nan. In zai je bakin ruwa ta bayan kasuwa yake bi, ko da ta fi nisa. Masu gaishe shi sun ƙaru, har mazan matan da ke shanya sukan tsaya su durƙusa, amma gaisuwa ba ta tashe shi daga tabarma ba.

Sau ɗaya na tambaye shi. Muna zaune da hantsi, yana ɗinki, ina tsince wake. Na ce, "Malam, ka so da na yi shiru?"

Bai ɗago ba. Ya ƙulla idon komar da ke hannunsa, ya ciji zaren.

"Na so," in ji shi. "Kwana biyu na so haka."

Sannan ya ce in matsa, ina tare mishi haske.